FILIN MANOMA: Funfunar Da Ke Cin Huhu, Da Yadda Ake Gane Mai Rai Da Matacciya

Yanzu kaka ta yi, kowa yana share rumbu, yana ɗaure harawa, waɗansu kuma sun fara kwashe takin akurki da kashin jemage domin lambun rani. Saboda haka na ga ya kamata a wannan mako mu duba wata cuta da ke ɓoye cikin ƙurar waɗannan ayyuka, mu ga kuma yadda ma'aikatan ɗakin gwaji suke gano ta a jikin mutum da cikin ƙasa da iska.

Ga abin da ya jawo maganar. Akwai wani dattijo a gundumar da nake aiki, manomin dawa ne, yana kuma kiwon kaji. Shekaru uku da suka wuce ya yi tarin fuka, ya sha magani wata 6 cur, aka ce ya warke. Bara sai tari ya komo, har da jini, ya rame ƙwarai. Aka gwada kakinsa sau biyu, ba a sami tarin fuka ba. Ran nan na je duba masa iri, sai ya ce mini, "Malam, ni kam na gaji. In ba tarin fuka ba ne, to sammu ne." Na ce, "Baba, kada ka yanke ƙauna, akwai sauran awon da ba a yi ba." Ɗansa ya kai shi babban asibiti. Hoton ƙirji ya nuna rami cikin huhu, wanda tarin fuka ya bari, ga kuma wani dunƙule zaune cikin ramin kamar goro. Aka gwada jininsa, aka shuka kakinsa, sai ga funfuna ta tsiro. Aka sa shi kan maganinta. Bana ya yi noma, ko da yake ba da ƙarfin da ba.

MECE CE FUNFUNA?

Kowa ya san funfuna. Ita ce ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu, da gyaɗar da aka adana da laima, da harawar da ruwa ya doka. Halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Tana ci, tana girma, tana kuma zuba iri. Irin nata ƙura ce mai laushi ƙwarai. In ka jera ƙwayoyin irin funfunar rumbu guda 400, da ƙyar za su cika tsawon milimita ɗaya. Don haka suna tashi cikin iska, suna bin numfashi har ƙarshen huhu.

Kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwansu kowace rana, jiki kuwa yana kashe su ba tare da mun sani ba. Wanda abin ya fi kamawa shi ne mai tsohon tabon tarin fuka, da mai ƙanjamau wanda ba ya shan magani, da wanda ake yi wa maganin daji, da wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin nan na sa ƙiba ko na asma masu raunana garkuwar jiki. Mai cikakkiyar lafiya ma, in ya shaƙi ƙura mai yawa a tashi ɗaya, yana iya kwanciya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 da ta ce a sa musu ido. Huɗu daga cikinsu su ne za mu yi magana a kai.

Ta farko, funfunar rumbu, likitoci suna ce mata Asfajilas. Tana zaune cikin ruɓaɓɓen ciyayi, da juji, da hatsi mai laima, da shimfiɗar kaji. Tana jure zafi har digiri 50, shi ya sa tsibin taki mai tururi ya zama gidanta. Ita ce ta kama dattijon nan.

Ta biyu, funfunar jemage, watau Histofilasma. Tana son ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana taruwa a kai, kamar kogon dutse, da kogon kuka, da tsohon akurki, da rufin ɗakin da jemagu suka mayar masauki.

Ta uku, funfunar tantabara, watau Kiriftokokas. Tana cikin busasshen kashin tantabaru. Ta huhu take shiga, amma ga mai ƙanjamau takan wuce zuwa ƙwaƙwalwa ta kawo sanƙarau.

Ta huɗu, Numosistis. Wannan ba ta zama a gona ko a juji. Huhun ɗan Adam ne gidanta, daga mutum take tashi zuwa mutum ta iska, kuma masu raunin jiki da jarirai marasa ƙoshi take kayarwa.

Dukansu alamunsu sun yi kama da na tarin fuka: tari, zazzaɓi, rama, gumin dare, sarƙewar numfashi. Ido kaɗai ba ya raba su. Sai awo.

DARASIN GWAJIN IRI

Kafin mu shiga ɗakin gwaji, ku tuna abin da muka sha faɗa a wannan fili game da iri. In ka sayi mudun dawa a kasuwa, ka ga ƙwayoyi manya masu sheƙi, wannan bai gaya maka za su tsiro ba. Wataƙila shekararsu uku a buhu. Abin da muke yi shi ne mu ƙirga ƙwaya 100, mu shimfiɗa su kan jiƙaƙƙen buhu, mu rufe, mu riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda mu ƙirga waɗanda suka fito. In 90 suka tsiro, iri ne na ƙwarai. In 30 ne, a kai shi niƙa.

To, tambayar da manomi ke yi wa iri ita ce ma'aikacin ɗakin gwaji yake yi wa kakin majiyyaci. Na farko, akwai funfuna a ciki? Na biyu, wace iri ce? Na uku, tana da rai ko gawarta ce ta rage? Hanyoyin awo huɗu ne, kowace da tambayar da take iya amsawa.

HANYA TA FARKO: MADUBIN LIKITA

Akan ɗebi kaki kaɗan a shafa kan gilashi, a ɗiga wani ruwa mai kama da ruwan toka wanda ke narkar da majina ya bar funfuna, kāna a duba da madubin likita. Funfunar rumbu takan fito kamar zare mai gaɓoɓi, mai rassa. Ta tantabara kuwa, in an ɗiga baƙin tawada kan ruwan da aka jawo daga ƙashin baya, sai a gan ta kamar farin wata da ya yi lema cikin duhu, domin tana da kauri a bayanta wanda tawada ba ta shiga. Numosistis sai an rina ta da rinin azurfa ko wani rini na musamman.

Wannan hanya tana da sauri, cikin yini guda an gama. Amma daidai take da duban iri a tafin hannu. Ka ga ƙwaya, ba ka san ko za ta tsiro ba. Kuma in funfunar kaɗan ce, ido yana iya tsallake ta.

HANYA TA BIYU: SHUKA

Wannan ita ce gwajin tsiro sosai. Akwai ɗan faranti mai murfi, an zuba masa wani abinci mai suga wanda ya daskare kamar kafaffen koko. Wani likitan Faransa mai suna Saburo ne ya haɗa shi tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, har yau kuwa da sunansa ake kiransa. Akan zuba masa maganin da ke hana sauran ƙwayoyin cuta tsirowa, kamar yadda kake nome ciyawa domin shuka ta sami wuri. Sa'an nan a shafa kaki a kai, a rufe, a ajiye cikin akwatin ɗumi, ana dubawa.

Abin da ya tsiro, lalle yana da rai. Funfunar rumbu takan fito cikin kwana 2 ko 3, kore-kore mai ratsin shuɗi kamar karammiski. Ta tantabara ma takan fito cikin 'yan kwanaki, mai yauƙi kamar kindirmo. Akwai wata dabara game da ita da za ta ba manomi sha'awa. A 1962 wani masani Bajamushe mai suna Shitaib ya gano cewa in an haɗa abincin farantin da ƙwayar wani tsiro mai mai da ake nomawa a Habasha, funfunar tantabara takan rine ta zama ruwan ƙasa, sauran kuwa su tsaya fari. Da haka ake tsamo ta cikin taro.

Funfunar jemage ita ce mai nawa. Takan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin ta nuna kai. Tana kuma da fuska biyu. A digiri 25 zuwa 30 takan fito kamar farar auduga. In aka mai da ita digiri 37, watau ɗumin jikin mutum, sai ta rikiɗa ta zama 'yan ƙwayoyi kamar yis ɗin burodi. Wani likita Ba'amurke mai suna Dalin ne ya fara ganinta a Fanama a 1905, amma ya zaci wata halitta ce dabam, sai a 1934 aka shuka ta ta tsiro, aka tabbatar funfuna ce. Ma'aikata suna tsoronta ƙwarai. Sukan naɗe farantin da salatif, ba sa buɗewa sai cikin akwati mai zuƙe iska, domin ta sha kama masu gwajinta.

Shuka tana da aibi biyu. Na ɗaya, sau da yawa cutar tana nan amma faranti ya fito fayau, ko don kakin ya yi kaɗan, ko don ya daɗe a hanya funfunar ta mutu. Na biyu, tun da irin funfunar rumbu yana ko'ina cikin iska, tana iya tsirowa daga kakin mai lafiya. Ciyawa ta fito a gonarka ba ya nuna kai ka shuka ta. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da faranti kaɗai. Sai ya haɗa da hoton ƙirji, da awon jini, da tsawon ciwon, wanda ga irin na dattijon nan yakan wuce wata 3.

HANYA TA UKU: BIN SAWU

In ɓera ya shiga rumbu, ba lalle sai ka kama shi ba kafin ka san ya shiga. Kashinsa da gaigayensa sun isa. Haka funfuna take barin sawu a jini da fitsari. Wani sawun ɓarɓashin jikinta ne, wani kuma makamin da jikin mutum ya ƙera domin yaƙinta.

Yanzu akwai 'yan tsinkayen takarda na awo, irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro. Na funfunar tantabara yakan ba da amsa cikin minti 10 da ɗigon jini. Na funfunar jemage da fitsari ake yi, na funfunar rumbu da jini, kowanne ba ya kai sa'a guda. Waɗannan sun ceci rayuka da yawa, domin mai ƙanjamau da ke kwance ba zai iya jiran mako 6 ba.

Amma sawu yana daɗewa bayan mai shi ya tafi. Mutumin da aka yi wa maganin funfunar tantabara, tsinken awonsa yana iya ci gaba da nuna ta watanni bayan ta mutu. Don haka in likita yana so ya san ko magani yana ci, sai ya koma ga shuka. Yakan shuka ruwan ƙashin baya, ya ƙirga tsiron, ya sake bayan kwanaki. In lissafin yana raguwa har ya kai babu, magani ya yi aiki.

HANYA TA HUƊU: KARANTA LITTAFIN GADO

Kowace halitta tana da wani zare siriri cikin ƙwayoyin jikinta, inda aka rubuta kamanninta duka. Masana suna ce masa Di-en-e, mu kira shi littafin gado. Akwai na'urar da ke ɗaukar ɗan guntun shafi ɗaya na wannan littafi ta kwafe shi sau miliyoyi cikin 'yan sa'o'i, har ya yi yawan da za a gani. Da yawa daga cikinku sun san GeneXpert da ake gwada tarin fuka da ita. To, irin aikin ke nan.

Wannan hanya ta fi duka kaifin ido, ko ƙwaya kaɗan ce za ta gano. Sai dai littafin gado ba ya ruɓewa da wuri. Kamar ƙaiƙayi ne a masussuka: ya shaida an yi sussuka a nan, bai ce akwai hatsi yanzu ba. Ko a tarin fuka haka ne, wanda ya warke sarai GeneXpert tana iya nuna ragowar matattun ƙwayoyi a kakinsa na wani lokaci.

Masana sun nemo dabaru biyu na gyara wannan. Ta ɗaya, wani rini ne da ake zubawa kafin a kunna na'ura. Ƙwaya mai rai fatarta a rufe take, rinin ba ya shiga. Matacciya fatarta ta yage, sai rinin ya shiga, a haska masa fitila ya manne wa littafin gadonta, na'ura ta kasa kwafarsa. Abin da aka ƙirga bayan haka, masu rai ne. Wannan ya tuna mini da wani ruwa da muka yi aiki da shi a makarantar aikin gona, tetirazoliyam. In ka tsaga ƙwayar masara ka jiƙa ta a ciki, idon mai rai yakan yi ja, na matacciya ya tsaya fari. Ba sai ka jira tsiro ba.

Dabara ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma Numosistis ce ta tilasta a nemo ta.

MAI ƘIN TSIRO

Wani likitan Barazil mai suna Shagas ya fara ganin Numosistis a 1909. Shekara da shekaru ana ɗaukarta dangin ƙwayar zazzaɓin sauro ce, sai a 1988 karatun littafin gadonta ya nuna funfuna ce. Abin mamakinta shi ne ba ta tsirowa kan farantin da sauran ke tsirowa. Ta saba da cin abincin huhu har ta rasa ikon dafa waɗansu abubuwan da take bukata da kanta, kamar kauci da ba ya rayuwa sai kan bishiya. To, yaya za a san tana da rai in ba a iya shuka ta?

Ga yadda aka yi. Halitta mai rai, duk sa'ad da za ta yi wani aiki, takan kwafi ɗan saƙo daga littafin gado ta aika wa maƙerar jikinta. Wannan saƙo ana ce masa Ar-en-e. Ba ya daɗewa, da halitta ta mutu sai ya watse. In mafarauci ya ga sawun barewa a busasshen laka, wataƙila na watan jiya ne. In ya ga kashinta yana tururi, ya san tana kusa. A 2001 waɗansu masana a Amurka suka wallafa hanyar neman saƙon da Numosistis ke aikawa in ta ji zafi. Mai rai takan ba da saƙon, wadda aka kashe ba ta bayarwa. Aikin yana da wuya, domin saƙon yana lalacewa tun kafin a kai ɗakin gwaji in ba a adana shi cikin sanyi mai tsanani ba, saboda haka ya fi yawa a wuraren bincike. A asibiti, likita yakan dogara ga rini, da kwafar littafin gado, da halin da majiyyaci ke ciki, domin akwai masu ɗauke da ita kaɗan ba tare da ciwo ba. Maganinta kuwa sananne ne, shi ne Septrin, wanda ake ba masu ƙanjamau domin rigakafi.

GWAJIN ƘASA DA ISKA

Yanzu mu fita daga asibiti mu koma gona. In mutane uku suka kwashe kashin jemage daga kogo ɗaya, bayan mako biyu duka suka kwanta da zazzaɓi da tari, tilas a tambaya ko kogon ne.

Gwajin ƙasa ya fi na kaki wuya. Cokali ɗaya na ƙasa yana ɗauke da funfuna iri-iri masu saurin girma. In ka zuba kan faranti, kafin ta jemage ta farka sun rufe wurin, kamar gero da ciyawa ta danne. Wani masani Ba'amurke mai suna Emons ya sami mafita. Yakan dama ƙasar da ruwa, ya tsame na sama, ya haɗa da maganin kashe sauran ƙwayoyin cuta, ya yi wa ɓeran gwaji allura. Jikin ɓeran yakan kashe funfunar banza, mai cutarwa kuwa ta zauna a hanta da saifa. Bayan kamar wata guda a shuka hantar a faranti. Da haka ya fitar da funfunar jemage daga ƙasa a 1949, shi ne kuma ya nuna a 1955 cewa kashin tantabara matattarar Kiriftokokas ne.

A Nijeriya ma an yi irin wannan aiki. A 1994 Farfesa Gugnani da abokan aikinsa suka ba da rahoton samun funfunar jemage mai rai a ƙasar kogon Ogbunike da ke jihar Anambara, har da cikin hanjin jemage na kogon. Wadda suka samu ita ce irin ta Afirka, wadda ta fi cin fata da ƙashi, 'yar'uwarta kuwa ta fi cin huhu. Ku lura da bambanci ɗaya: jemage yana kamuwa da ita ya kai ta wani wuri, amma kaza ba ta kamuwa domin jikinta ya yi mata zafi, kashinta ne kawai ke yi wa funfunar taki. Yau ana iya neman littafin gadonta cikin ƙasa kai tsaye, abin ya fi sauri, amma in ana son tabbacin rai sai an koma ga tsiro.

Iska kuma, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe faranti a ɗaki na wani lokaci, a rufe, a ga abin da ya faɗa. Wadda ta fi ta ita ce na'ura mai zuƙo iska gwargwadon awo ta buga ta kan faranti, a ƙirga tsiro a ce kaza ne cikin kowace mita ta iska. Numosistis tun da ba ta tsirowa, sai a tace iskar a nemi littafin gadonta. A 2010 masana a Faransa suka auna iskar ɗakunan masu ciwon, suka same ta da yawa a tazarar mita ɗaya daga gado, tana raguwa in an yi nisa. Wannan na cikin dalilan da ya sa ake raba mai ciwon da sauran masu raunin jiki a asibiti.

DON ME AKE DAMUWA DA RAI?

Dalili na farko, matacciyar funfuna ba ta shiga huhu ta yi girma, ko da yake ƙurarta tana iya tayar da asma. In an wanke ɗaki ko akurki da magani, sai gwajin rai zai nuna ko wankin ya yi.

Na biyu, maganin funfuna yana da tsada, ana kuma daɗewa ana sha, irin na dattijon nan wata 6 ne ko fiye, yana kuma iya taɓa hanta. Bai kamata a ɗora wa mutum shi a kan gawa ba, bai kuma kamata a tsayar da shi alhali abin yana da rai ba.

Na uku ya shafe mu manoma kai tsaye. Mai rai ce ake iya gwadawa da magani a faranti a ga wanne ke kashe ta. A ƙasar Holan masana sun gano cewa funfunar rumbu ta fara jure maganin asibiti, kuma sun danganta abin da maganin feshin funfuna na gona, domin danginsu ɗaya. Funfunar ta saba da shi tun a juji kafin ta isa huhu. Saboda haka mai fesa magani ba bisa ƙa'ida ba, ba aljihunsa kaɗai yake cuta ba.

Masu kiwon kaji ku ma ku ji. Funfunar rumbu tana kashe 'yan tsaki cikin makonninsu na farko. Za ka ga suna buɗe baki suna neman iska. In likitan dabbobi ya fede, yakan ga ƙuraje rawaya kamar ƙwayar gero a huhu, in ya shuka su funfuna ta tsiro. Daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ko ruɓaɓɓen abinci take zuwa. Kaza ba ta sa wa mutum, amma ƙurar da ta kashe tsaki ita kake shaƙa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, irin wannan gwaji yana cikin aikinta.

ABIN DA ZA KA YI

1. Tarin da ya wuce mako 2, a fara da gwajin tarin fuka, domin shi ya fi yawa, kuma kyauta ake yi a asibitin gwamnati.

2. In ba a same shi ba tari bai tsaya ba, ko ka gama magani ciwo ya komo, ka roƙi likita ya duba maganar funfuna. Ba kowane asibiti ke da kayan ba. Manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta, a nemi takardar turawa.

3. Ka gaya wa likita sana'arka. Ka ce na share rumbu, na shiga kogo, ina kiwon tantabaru. Ka faɗi magungunan da ka sha. Wannan magana ita ke sa a ajiye faranti mako 6 maimakon a zubar bayan mako guda.

4. Kakin asuba ya fi. Ka kurkure baki da ruwa mai tsabta, ka yi tari daga can ƙirji. Yawu ba shi da amfani. Ka tofa cikin kwalbar da aka ba ka, ka rufe, kada ka bar ta a rana, ka kai cikin sa'a 2. In aka ce ka kawo na kwana uku, ka kawo. Irin da ya mutu a hanya ba ya tsirowa.

5. Ka yi haƙuri da jiran sakamako. Ba ha'inci ba ne, ba a yi wa shuka gaggawa.

6. Kafin ka share tsohon kashin jemage ko na kaji ko na tantabara, ka yayyafa ruwa har ƙura ta kwanta. Ka sa takunkumin hanci mai kama fuska sosai, irin mai lamba N95, domin rawani ba ya tare ƙwaya mai wannan ƙanƙanta. Mai tsohon tarin fuka, da mai ƙanjamau, da yara, kada a sa su wannan aiki.

7. Hatsi da harawa su bushe sarai kafin a adana. Shimfiɗar kaji in ta jiƙe a kwashe.

Dattijon nan yanzu jikansa ne ke share masa akurki, da bokitin ruwa a hannu da takunkumi a hanci. Da na je makon jiya na tarar ya shimfiɗa ƙwayar wake ɗari kan jiƙaƙƙen buhu. Ya ce, "Malam, ni da aka shuka kakina ya tsiro, ai ba na sake yarda da iri sai na gwada." Allah ya ba mu lafiya da albarkar kaka. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan adana wake ba tare da zuba guba ba.